Ayar shawara bayan Uhudu ta sauka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa zama a kwamitin masallaci, ko taron iyali, ko shugabancin wata ƙungiya, ya san yawancin rigima ba daga matsalar da aka taru a kanta take tasowa ba, daga yadda aka yanke hukunci take tasowa. Wane ya ce ba a tuntuɓe shi ba. Wance ta ce ta yi magana an share ta. Wani ya ja bakinsa ya tsuke har aka tashi, sai a waje ya fara zuba. Muna ɗaukar wannan a matsayin sha'anin duniya kawai, alhali Allah Maɗaukakin Sarki a cikin addini ya sa shi. A Suratush Shura, aya ta 38, da yake siffanta muminai, ya ce suna tsai da salla, al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, kuma suna ciyarwa daga abin da ya azurta su. Tsakanin salla da ciyarwa aka ajiye shawara. Surar kuma a Makka ta sauka, lokacin da Musulmi ba su da gwamnati, ba runduna, ba baitulmali. To wa zai ce shawara ta masu mulki ce kaɗai?

Amma ayar da ta fi girgiza ni ita ce ta 159 a Suratu Ali Imrana, saboda lokacin da ta sauka, wato bayan yaƙin Uhudu.

A shekara ta 3 bayan Hijira Ƙuraishawa suka tunkaro Madina da mayaƙa kimanin 3,000. Manzon Allah (SAW) ya tara sahabbai ya nemi shawararsu. Shi ya fi karkata ga a zauna cikin gari, in abokan gaba sun shigo a yaƙe su a ciki. Amma da yawa, musamman matasa da waɗanda Badar ta wuce su, suka nace a fita a tare su a fili. Ya bar ra'ayinsa ya ɗauki nasu, ya shiga gida ya sa sulke. Kafin ya fito jikinsu ya yi sanyi, suka ga kamar sun matsa masa, suka ce in ya ga dama a zauna. Ya ce bai dace da Annabi ba, idan ya sa sulkensa, ya cire shi kafin ya yi yaƙi. Aka fita da mutum kusan 1,000. A hanya Abdullahi bn Ubayyu, shugaban munafukai, ya juya da kimanin 300, yana ƙorafin an bi ra'ayin yara an bar nasa. Sauran labarin mun san shi: maharba 50 da aka girke a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi bn Jubair, yawancinsu suka sauko kafin a ba su izini, yaƙi ya juya, sahabbai 70 suka yi shahada, cikinsu har da Hamza da Mus'ab bn Umair (RA), aka ji wa Manzon Allah rauni a fuskarsa mai daraja.

Da ɗayanmu ne shugaba a ranar, me zai ce? Daga yau ba na ƙara tambayar kowa. Na ba ku dama, ga abin da kuka jawo. Shi kuwa Allah ga abin da ya saukar wa Annabinsa: saboda wata rahama daga Allah ka yi musu taushi, da ka kasance mai kaushin hali, mai ƙeƙasasshiyar zuciya, da sun watse daga wajenka, to ka yafe musu, ka nema musu gafara, kuma ka shawarce su cikin al'amari, idan ka ƙudura niyya sai ka dogara ga Allah. Subhanallah! Mutanen da aka bi ra'ayinsu aka dawo da gawawwaki da raunuka, su ɗin aka ce a ci gaba da shawartarsu. Ku lura da jerin kuma: yafiya, sannan neman gafara, sannan shawara. Zuciyar da take riƙe da mutum ba ta iya sauraronsa, ko da gaskiya ce a bakinsa. Sau nawa ake ƙin magana mai kyau a taro don kawai wanda ya faɗe ta an taɓa samun saɓani da shi shekarun baya?

Kuma da Alƙur'ani ya zo bayanin abin da ya jawo masifar, a aya ta 152 ta wannan sura, bai ɗora laifin kan shawarar fita ba. Ya ambaci raunin zuciya, da jayayya a kan umarni, da saɓa wa abin da aka tsayar. Wato ba a wurin yanke hukunci aka samu ɓaraka ba, a wurin tsayawa kan abin da aka yanke ne. Wannan ita ce cutar da take cinye yawancin tarukanmu. A zauna, a kwashe sa'o'i, a cimma matsaya, a yi addu'a a tashi, washegari kowa ya kama gabansa. Wanda ra'ayinsa bai yi rinjaye ba ya janye hannunsa, ya koma gefe yana jiran abin ya lalace don ya ce, "Ai na faɗa muku."

Ɗan'uwa, ka ji tsoron wannan kalma. A ranar Uhudu mutum ɗaya ne yake da cikakken haƙƙin faɗarta, shi ne Manzon Allah (SAW), kuma bai faɗe ta ba. Waɗanda suka faɗa su ne munafukai, kamar yadda aya ta 168 ta hakaito: suna zaune a gida suna cewa game da 'yan'uwansu, da sun bi tamu da ba a kashe su ba. Ka duba da kyau ka ga sahun wa kake shiga idan kana jin daɗi a ranka don aikin jama'a ya rushe saboda ba a bi taka ba. A hadisin Muslim, Annabi ya hana mutum cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", ya ce wannan "da" ɗin tana buɗe aikin Shaiɗan; sai dai ya ce Allah ne ya ƙaddara, kuma abin da ya so shi ya aikata. In har ga mutum ɗaya haka take, ina ga jama'ar da kowa zai nuna ɗan'uwansa da yatsa?

Shugabanni kuma, ku ma ga naku. Akwai taron da sunansa kawai shawara. An riga an gama magana tsakanin mutum biyu ko uku tun daren jiya, sai a tara jama'a don su sa albarka. Wanda ya ɗaga hannu da wani ra'ayi daban a harare shi, a ce yana son kawo rabuwar kai. Wannan yaudara ce, kuma mutane suna ganewa, shi ya sa a zama na gaba ba sa zuwa. Fir'auna ma yana da fadawa yana zama da su, amma ga maganarsa a Suratu Gafir: ba na nuna muku sai abin da na gani. Sarauniyar Saba'i kuwa, tun kafin ta musulunta, cewa ta yi da manyan mutanenta ba ta yanke wani al'amari sai suna nan. Ka san ƙarshen kowannensu.

In akwai abin da ba ya canzuwa, ka faɗa tun farko. Abin da Allah da Manzonsa suka yanke ba a ƙuri'a a kansa. Ba a zama a tattauna ko za a ba 'ya'ya mata gadonsu. Sahabbai sun san wannan iyaka sarai. Malaman tarihi sun kawo cewa a Badar Hubab bn Munzir ya fara da tambayar Annabi: wannan masauki Allah ne ya saukar da kai a cikinsa, ko dabarar yaƙi ce? Da aka ce masa dabara ce, sai ya ce to ba nan ya kamata ba, a matsa kusa da ruwa, kuma aka matsa. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5, da ƙawanya ta tsananta, Annabi ya yi tunanin ba ƙabilar Gaɗafan kashi ɗaya bisa uku na amfanin dabinon Madina don su janye. Bai zartar ba sai da ya kira shugabannin mutanen Madina, Sa'ad bn Mu'az da Sa'ad bn Ubada. Suka yi irin waccan tambayar, sannan suka ce ba su yarda ba, ya bar maganar. Gonakin nasu ne, su abin zai shafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu sai mu yanke wa mutane hukunci a kan rayuwarsu ba su a wurin.

Su wa ma muke kira? Ramin da ya kare Madina a yaƙin Khandaƙ shawarar Salmanul Farisi ce, baƙo daga wata ƙasa. A Hudaibiyya, shekara ta 6, da baƙin cikin sharuɗɗan sulhu ya hana sahabbai tashi su yanka hadayarsu su yi aski, Ummu Salama (RA) ce ta ce wa Annabi ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa ya kira mai aski. Ya yi hakan, jama'a suka bi. Umar (RA) yana shigar da Ibn Abbas majalisar dattawan Badar yana matashi, har wasu suka yi ƙorafi. Hatta yaye jariri, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, da yardar uwa da uba da shawararsu aka ɗaure shi. Maigida, in yaye ma sai da shawara, ina ga makarantar yara, da auren 'ya, da tashi daga gida zuwa wani gida?

Kai kuma da aka tambaya, amana aka ɗora maka. Annabi ya ce wanda aka nemi shawararsa amintacce ne. Kada ka faɗi abin da shugaba yake son ji, kada ka karkata maganar zuwa inda ribarka take, kada kuma ka yi shiru kana ganin rami a gaba don gudun ɓacin ran wani. Shirun nan da muke kira kawaici, wani lokaci tsoro ne kawai. Abin da ya fi shi muni, a ware gefe a buɗe wani ƙaramin zaure a WhatsApp ana sukar abin da aka amince da shi a babban zama. Allah ya ce a Suratul Mujadala irin wannan ganawar ta ɓoye daga Shaiɗan take, don ta baƙanta ran muminai.

Saɓani kansa ba laifi ba ne. Lokacin da Umar ya nufi Sham ya isa wani wuri mai suna Sarg, aka gaya masa annoba ta ɓarke. Ya kira Muhajirai, suka rabu biyu. Ya kira mutanen Madina, su ma suka rabu. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, bakinsu ya zo ɗaya kan a koma. Ya yanke a koma. Abu Ubaida ya ce masa a gaban jama'a, gudu daga ƙaddarar Allah? Umar ya ce, e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sai ga Abdurrahman bn Auf, wanda ba ya nan da farko, ya zo da hadisi: idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, idan ta faɗo kuna ciki kada ku fita don gudu. Umar ya gode wa Allah. Mutum ɗaya mai ilimin mas'alar ya warware abin da aka yi ta ja a kai. Kafin a ɗaga murya a taro, a tambaya tukuna: wa ya san wannan abin? In maganar lafiya ce a nemo likita, in gini ne a nemo injiniya, in hukuncin shari'a ne a nemo malami. Yawan masu magana ba ya maye gurbin sani.

Shawara kuma tana da ƙarshe. Ayar Ali Imrana cewa ta yi idan ka ƙudura niyya ka dogara ga Allah. Umar da aka soke shi a shekara ta 23, mutum shida ya bar wa zaɓen halifa, ya kuma yanka musu kwana uku. Matafiya uku ma an umarce su su shugabantar da ɗaya. Don haka a san wanda zai rufe magana, a sa wa tattaunawa wa'adi, a rubuta abin da aka tsayar da wanda zai yi kowane aiki, a karanta wa kowa ya ji kafin a watse. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya yi istihara, ya faɗi damuwarsa a zaman, ba a bayan fage ba.

Da yake da wuya a yi doguwar muhawara harshe bai zame ba, kada a tashi sai an karanta addu'ar da Annabi (SAW) ya koyar ta kaffarar majalisa: Subhanakallahumma wa bihamdika, ash-hadu an la ilaha illa anta, astagfiruka wa atubu ilaika. In ka san ka ɗaga wa wani murya, ka riske shi tun bai kai ƙofa ba ka nemi afuwarsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.