Wa ya ba baffa ikon yafe abincin marayu?

Makon jiya na halarci wani zaman sulhu a unguwarmu a nan Gombe, na tashi raina a ɓace. Tirelar wani kamfani ce ta take wani matashin bakanike a hanyar Bauchi, ya bar mata da 'ya'ya uku, babbansu bai gama firamare ba. Wakilin kamfanin ya zo da buhun shinkafa biyu da 'yar ambulan. Baffan mamacin ya ce, "Alhaji, mun yafe, kwana ne ya ƙare." Aka shafa fatiha aka watse. Matar tana cikin gida tana takaba, ba wanda ya leƙa ya ji ta bakinta.

Kwana ya ƙare, babu musu. Amma da wannan kalma ake sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, ba a rufe haƙƙi da ita. Yaron nan bai wuce shekara 30 ba. A ɗauka ma abin da yake samu bai fi mafi ƙarancin albashi ba, naira 70,000 da aka tsayar a 2024, alhali duk wanda ya san gareji ya san ya fi haka. A shekara naira 840,000 ke nan, a shekara 30 na neman da suka rage masa sama da miliyan 25. A cire abin da zai kashe wa kansa, a rage wani abu tunda a dunƙule za a biya. Abin da ya saura shi ne cefane da kuɗin makaranta da hayar ɗakin da motar ta tafi da su. Haka ma kotu ke yi idan aka kai mata irin wannan ƙara: ta duba abin da mutum ke kawowa gida a shekara, ta ninka da shekarun neman da suka rage masa.

Sai ka ji an ce, ai ba wanda ya san zai kai gobe. Masu faɗar haka su ne ke karɓar hayar shago ta shekara biyu gaba ɗaya. Ita kanta gwamnati ta yarda da lissafin gobe: dokar biyan ma'aikata diyya ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, ta ce matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye a riƙa ba ta kashi 90 cikin 100 na albashin mijinta duk wata. Me ya sa ɗan bakanike zai zama daban da ɗan ma'aikaci?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne fakewa da addini. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kan kisan kuskure, a miƙa wa iyalan mamaci. Raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000, wato zinari da ya haura kilo huɗu. A je kasuwa a tambayi farashinsa. Gaskiya ne ayar ta ba da damar yafewa, amma mai haƙƙi ke yafewa. Diyya gado ce, rabon marayu na ciki, kuma waliyyi ba ya kyauta da dukiyar maraya. Baffa ya sayi sunan dattaku da abin da ba nasa ba, kuma ba shi zai riƙa kai musu cefane ba.

Kuɗin biyan ma akwai inda za su fito. Inshorar dole ta mota, wadda aka ɗaga zuwa naira 15,000 ga ƙananan motoci a 2023, don irin wannan rana aka yi ta, mu kuwa mun mai da ita takardar nuna wa 'yan sanda a shinge. A zaman nan ba wanda ya ko tambayi kamfanin da tirelar ke da inshora da shi.

Masu unguwanni da limamai su daina shafa fatiha a kan sulhun da ba a rubuta shekarun mamaci da sana'arsa da yawan 'ya'yansa ba. Rabon yara kuma a kai shi gaban alƙali, ya ajiye musu a asusu da sunansu.