Ga Mai Digirin Kallo

Ban kira sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu ne dai ba ya jimirin as.

Akwai wani bawan Allah a garin nan da muka shiga Buɗaɗɗiyar Jami'a, wato NOUN, shekara ɗaya da shi. Tun ranar da ya ga na sauko daga motar Ringim rungume da ledar takardun da na bugo a shagon fotokwafi, ya samu abin ɗorawa a teburin mai shayi. Wai ana digirin intanet ni na koma karatun allo. Wai saura in nemi tawada da zuge.

Shi kuwa Allah ya hore masa babbar waya. Kullum bayan la'asar sai ya kishingiɗa a gindin darbejiyar bakin firamare, inda sabis ya fi kamawa, ya toshe kunnuwa, yana kallon lakca kamar mai kallon fim. Har ninka gudun bidiyon yake yi, malamin na zuba kamar ɗan kamasho a tasha, gogan naka na gyaɗa kai. Kafin magariba an ɗora a sitatus: lakca biyar yau, alhamdu lillahi.

To ranka ya daɗe, allon da kake yi wa dariya shi ya fitar da mahaddatan ƙasar nan. Almajiri yakan rubuta da hannunsa, a biya masa, ya maimaita har ya zauna, sannan ya wanke. Ban taɓa jin wanda ya haddace izu ɗaya don yana kunna rediyo lokacin tafsiri ba. Bidiyo haka yake: malami ya iya bayani, kai kuma daɗin sauraro ya sa ka zaci ka iya. Sai an kashe wayar an ce maimaita, ka ji kan wayam. Takarda ba ta rarrashi. In ba ka gane sakin layi ba, nan za ka tsaya, ka ja layi da biro, ka rubuta fassararsa da Hausa a gefe, ka dawo masa gobe bayan an taso daga gona.

Jami'ar ma da kake taƙama da ita, a 1983 aka fara kafa ta zamanin Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita wajen 2002. YouTube kuwa sai 2005 ya zo duniya. Tubalin jami'ar littafin kwas ne, kuma yana nan a shafinsu kyauta, 'yan megabait kaɗan. Lakcar awa ɗaya a bidiyo sai ta lashe ɗaruruwa. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, kowa ya san yadda data ta koma. Ga kuɗin mai caji. Ga damina, da hadari ya haɗo sabis ya yi ƙaura. Ban san wa ake bi bashin data a shagon bakin kasuwa ba, ni dai ba ni ba ne.

Kar a ce na yi son kai, ni ma nakan kalla. Kwas ɗin ƙididdiga ya ba ni wuya, sai da na ga ana warware lissafin mataki-mataki a bidiyo sannan ya shiga. Amma guda biyu na sauke ranar da na je gari, na kalla da biro a hannu, na koma kan takardata.

Abin da ya rufa wa wasu asiri a aji ɗaya da aji biyu shi ne TMA, wato gwajin maki 30 da ake yi a gida, waya a hannu, da jarrabawar kwamfuta ta zaɓi-ɗaya inda canki-canka kan yi rana. Yanzu an shiga aji uku. Maki 70 na jarrabawa da biro ake nemansu, a zaure ɗaya a Dutse, mai gadin jarrabawa na zagayawa. Babu tsayar da malami, babu mayar da shi baya. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Na ga wani ya cika rabin shafi ya zauna yana kallon silin, ko sabis yake nema oho.

Ban tambayi sakamakon kowa ba, kari-oba kuma, wato faɗuwa kwas, ba a goshi ake rubuta ta ba. Sai dai sitatus ya yi shiru kwana biyu.

Daren jiya bayan isha'i aka turo mini yaro, wai in ba da aron takarduna na zangon da ya wuce, wai wani aboki ne daga Taura yake so. Yaron ma kansa sunkuye yake faɗa. Na ce ya koma ya ce takardun suna nan, har da ja-layin da fassarar gefe. Amma mai so ya zo da kansa, da hantsi, teburin mai shayi inda aka fara maganar. A ledarsu zan ba shi, waccan dai da aka yi wa dariya.