Gawo ba ya cinye wa gero abinci

Har yau akwai manoma a karkarar Maradi da ke ganin gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal, aka tumɓuke kututturen sabara da kalgo, wai itace na ƙwace wa gero ruwa da taki. A ƙasarmu ta jigawa, wannan sharar ce ke kashe gona.

Ka tsaya bakin irin wannan gonar a farkon damina, lokacin da guguwa ke gabatar ruwan fari. Rairayi na gudu yana yanke jariran gero, wani lokaci sai an sake shuka sau biyu. Ƙasar saman da ta tafi kuwa, ita ce mai daɗin.

Gawo ma nasa daban ne. Da damina yake kakkaɓe ganye, don haka inuwarsa ba ta danne shuka, saiwarsa kuma tana can ƙasa sosai inda ta gero ba ta kai. Da rani dabbobi na kwana ƙarƙashinsa suna cin ƴaƴan, su bar kashi a gindi. Shi ya sa zangarniya ta fi kauri a nan.

Sassaben zamani, da aka fara a yankin Maradi a shekarun 1980, dabararsa ke nan: a bar wa kututture ƴan rassa masu ƙarfi, a datse sauran a kai murhu.