Ku bar biyo ni kallon tsuntsaye don Allah

Wai don Allah mi yas sa duk randa nac ce zan tahi fadama kallon tsuntsaye sai abokaina sun manne min, su ɓata komi? Tafkin Kware munka je, an yi haka, Goronyo ma haka, to na hunturun nan ne ya ƙure ni. Daga Sakkwato har dausayin Hadejia da Nguru hwa, wuni cur cikin mota ƙura har kunne, da asuba munka shiga kwalekwale ana ratsa kachalla da ƙyar sauro na shan jininmu kamar kunu, sai ga kirinjijiya da dinya da tsuntsayen da sunka keto Sahara daga Turai sun rufe ruwa, ina ɗaga kyamara wayar wani ta ɗauki ƙara, ya ɗaga yana "ALO! BA NETIWOK!" Fir, duka sunka tashi. Wani na neman selfi, wani na tambaya nawa ake sayar da agwagwar, wai za ta yi daɗi da yaji. Gidan kaji na kawo ku? Zalɓe guda ya rage, shi ma kallon tausai yake min, hoton da na dawo da shi na ƙeyar direba ne.