Saɓanin kimiyya da addini a makarantunmu: daga ina ya samo asali?

Har yau a ƙauyukan Gaya, Ringim ko Ɗambatta akwai uban da zai tura ɗansa boko amma ya ja masa kunne: "Ka rubuta musu abin da suke so a jarrabawa, kada dai ka sa shi a ranka." A ganina wannan ɗari-ɗari ya samo asali ne daga hanyar da boko ta bi ta shigo mana, kuma ajin da ake haddar kimiyya da ka, ba tare da gwaji ba, shi ke ci gaba da rura shi.

Turawa sun ci Kano da yaƙi a 1903. A 1909 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, kuma babban burin gwamnatin lokacin shi ne samun ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Sannu a hankali rubutun boko ya ture ajami daga ofis, malamin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a zaure ya wayi gari iliminsa ba ya ba shi aiki. Da makarantun elementare suka isa karkara, ta hannun hakimi da dagaci suka iso, wato hannun da ke karɓar haraji. Aka riƙa ɗaukar yara ba da son iyaye ba, wasu suka ɓoye 'ya'yansu, wasu suka tura su gabas almajirci. Ga kuma labarin makarantun mishan, inda karatu ke tafiya tare da sauya addini. Wanda ya ga wannan ba zai tsaya tantance darasin lissafi daga niyyar mai mulki ba.

Alhali lissafi ba baƙonmu ba ne. Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kansa, kuma malamin da ke raba gado da sudusi da sumuni lissafin ɓangare yake yi. Shari'ar da coci ya yi wa masanin taurari Galileo a 1633 da ta malamin makaranta John Scopes a Amurka a 1925, waɗanda ake kafa misali da su a kan rikicin kimiyya da addini, suna da nasu tarihin, ba dole mu gaje shi ba. Kano ma ta nuna haka: makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka buɗe a 1977, sun fitar da likitoci da injiniyoyi masu riƙo da addininsu.

Inda ake ɓata lamarin a yau shi ne aji. Malami ya rubuta a allo cewa ruwan sama daga tururi yake, bai nuna komai ba, yaro ya kai gida a matsayin "an ce ba Allah ke saukar da ruwa ba". Gwajin kuwa ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. A zuba ruwa lita biyu a baƙin baho, a narkar da gishiri cokali biyu, a ajiye kofi mai nauyi a tsakiya, a rufe da farar leda a ɗaure da kyauro, a ɗora tsakuwa daidai saman kofin. Bayan awa uku zuwa huɗu a rana, ruwan da ya ɗiga cikin kofin ba gishiri a cikinsa. Idan bai taru ba, ko dai ledar ta huje tururin ya tsere, ko tsakuwar ta goce ɗigon yana komawa baho. Yaron da ya ɗanɗana ruwan nan zai gane ana bayyana masa yadda abin ke gudana ne, ba a taɓa imaninsa da Mai gudanarwa ba.

Husufi ma haka ne. Tocila, ƙwallo da lemon tsami a ɗaki mai duhu sun isa su nuna dalilin da ya sa husufin wata ba ya faruwa sai tsakiyar wata, na rana kuma sai ƙarshensa. Limamin gari ya san haka, ya kuma san hadisin da ya ce rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani. A gayyace shi ranar gwajin.

Wuri ɗaya ne saɓanin yake na gaske: darasin asalin halittu da ya samo tushe daga Darwin, wanda ke cikin manhajar babbar sakandare. Tsallake shi na jawo wa ɗalibi asarar maki a WAEC da NECO, gatsa shi kuma na jawo wa makarantar fushin iyaye. Malami ya shimfiɗa hujjojin da masana suka dogara da su, ya faɗi ƙarara inda bayanin ya saɓa wa abin da ɗalibai suka koya game da Annabi Adamu, kuma shugaban makaranta ya zauna da malamin addini da kwamitin iyaye tun kafin zangon da za a koyar da darasin.