Na shuka dankali, na girbe ganye

Ni fa masara ce ta ja min wannan abin kunyar. Bara waccan na yi masara a wata 'yar gona, na ba ta takin yuriya sau biyu, ta yi kyau har masu wucewa suna tsayawa kallo, to shi ke nan kai ya kumbura, na ɗauka na sauke karatun noma, duk abin da ya tsiro a ƙasa maganinsa yuriya ne. Da damina ta zagayo sai Baffa ya ba ni aron fili a gefen nasa, rubu'in hekta, jigawa mai laushi, ya ce in sa dankali tunda ƙasar irin wadda yake so ce. Har ya ƙara da cewa gyaɗa aka cire a wurin, ƙasar ba ta jin yunwa sosai, kar in cika mata hannu. Na ce to Baffa. A zuciyata kuwa cewa nake tsoho bai san zamani ya canja ba.

Kafin huɗa na sa aka jibge kashin kaji, ba kaɗan ba. Aka ja kunya, muka dasa iri, ya kama tsaf. Sati biyu na saɓi buhun yuriya guda na bi kunya kunya na zuba, kuma abin haushin ma na bi ƙa'ida, ina tona rami ina rufewa da ƙasa, don na san in aka bar yuriya a sarari wani kaso yana bin iska. Da ma na yi ganganci na watsa a sama da ƙila iskar ta cece ni. Kamfa kuwa, wato takin NPK, ko kallonsa ban yi ba, wai ni a ganina ba ya nuna aiki da wuri.

Jama'a ku zo ku ga gona. Cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki yaɗo ya rufe kunya, ya rufe kwari, ya tsallaka iyaka yana neman shiga gonar Baffa, ganye kamar faifai, kore shar har yana ɗaukar ido. In ka shiga ba ka ganin ƙafarka. Na Baffa kuwa yana nan tsamo tsamo, ganyen ba yabo ba fallasa, wani wurin ma kana hango ƙasa. Wallahi har tausayinsa na ji, na ɗebi yuriya a kwano na kai masa wai in taimaka. Ya kalli kwanon ya kalle ni ya ce, ɗana, ganye za ka ci ko saiwa? Na yi dariya na ce Baffa ai mai ganye shi ne mai saiwa. Ya ce to Allah ya kai mu, kallon kitse kake wa rogo.

Maganar ta ɗan sosa min rai, don haka a ƙarshen wata na biyu, lokacin da mai hankali ya riga ya ajiye taki, na ƙara rabin buhu. Ba don gonar ta nema ba, don dai in nuna wa tsoho.

Daga nan sai alkawura. Na ɗauki hoto a tsakiyar gona na riƙe ƙugu na tura wa kowa, na sayo buhunan da babu komai guda 40 na jibge a ɗaki, uwargida ta ce Baban yara ba ka bari a tona tukun? Na ce ke dai ki fara tunanin inda za mu ajiye. Surukata na yi mata alkawarin buhu biyu, abokan aiki kowa rabin buhu, har wani da ba ma shiri sosai na ce ya zo da abin zubawa, don in ya gani ya ji haushi.

Wata huɗu cif na ɗauki mutum uku masu tono muka tafi da sassafe. Sai da muka ɓata kusan awa biyu muna janye yaɗo kawai, muka tara shi ya yi tudu kamar ɗaki. Aka sa fartanya a kunyar farko. Abin da ya fito, ban san sunan da zan ba shi ba, wata doguwar saiwa ce siririya kamar fensir, ga tauri. Na ce wannan bakin gona ne, ku shiga ciki. Aka shiga ciki, wutsiyar ɓera. Aka ƙara gaba, igiyar takalmi. Can wani daga cikinsu ya ɗaga ɗaya mai girman ƙwan kaza ya yi kabbara, sauran suka taya shi, ni kuma na rasa dariya zan yi ko kuka. Babbansu ya share gumi ya ce, Malam, anya dankali ka shuka? Har azahar abin da muka haɗa bai cika buhu uku ba, shi ma da ƙasa a jiki.

A ranar fa Baffa ya ga damar tona nasa. Kunya ɗaya kawai ya buɗe, sai ga su jibga jibga kamar kan jariri, kuma bai ce min uffan ba, sai dai duk wanda ya ciro sai ya ɗaga shi sama yana juyawa wai yana duba ko ƙwaro ya taɓa. Ni na san ba ƙwaro yake dubawa ba.

Bayan kwana biyu na kwashi samfurin fensiraina na kai wa malamin gona, ina cewa an cuce ni a iri. Ya tambayi abin da na zuba, na lissafa masa, ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23, ni na zuba buhu ɗaya da rabi a rubu'in hekta, in aka buga ya kai kilo 138 a hekta, ban da kashin kaji wanda shi ma naitirojin ne cike da shi, ban da abin da gyaɗa ta bari. Dankali kuwa yawanci kilo 40 zuwa 60 a hekta ya ishe shi, gwargwadon ƙarfin ƙasa, ma'ana fili irin nawa kusan rabin buhu ne gaba ɗaya kakar, a ƙasar da na riga na cika da kashin kaji ma ƙila ko hakan bai kai ba.

Abin da ya fi tsaya min shi ne bayanin da ya yi na yadda abin ke faruwa. Ya ce a makonnin farko bayan dashe ne saiwoyin ke rabuwa, wasu su fara kumbura su zama dankali, wasu su yi tauri su tsaya a saiwa. In naitirojin ya yi yawa a lokacin, abincin da ganye ke haɗawa sai ya koma yin sabon ganye da sabon yaɗo, ƙasa ba ta samun komai, ga ganyen sama ya yi wa na ƙasa inuwa suna zaune suna ci ba sa aiki. Na ce kamar gidan da kowa ke sayen kaya babu mai asusu kenan, ya ce haka nan. Shi dankali fotash ya fi so, shi ke taimakawa wajen tura sitaci zuwa saiwa, shi ne K ɗin da ke jikin buhun NPK da na raina, ko tokar itace ma tana da shi. Naitirojin kuma ba a hana shi gaba ɗaya ba, in ya yi ƙaranci tsofaffin ganye su ɗashe su yi rawaya, yaɗo ya tsugune, nan ma asara ce, ga jigawa ruwan sama yana wanke shi da sauri, shi ya sa ake raba shi biyu, kaɗan bayan ya kama, sauran wajen sati huɗu zuwa shida, daga nan a nannaɗe hannu. Ya ce in da hali a gwada ƙasa kafin a zuba komai. Na ce Malam ai ni ƙasar ce ta gwada ni.

Waɗanda suka ci riba a harkar nan awakin maƙwabta ne, sati guda ana jidar musu ganye, har wata akuya in ta hango ni sai ta taso da gudu. Surukata kuwa buhu biyun nan sai a wurin Baffa na saya na kai mata, ta yi ta sa min albarka tana cewa ashe yaron nan manomi ne, uwargida na gefe ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa.

Bana ma na sake dasawa a filin. Ragowar rabin buhun yuriyar yana ɗakin Baffa a kulle, in lokacin sawa ya yi shi yake auno min a kwano, ya biyo ni har gona ya tsaya a kaina. Buhuna 37 kuma suna nan a ninke a bayan ƙofa, jiya ma uwargida ta tambaye ni ko ta ƙaro wasu.