Ina Tekun, Baba?

Ni malamin lissafi ne, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na fita sai da tsari. Da muka je hutu Akra ni da iyali, muka sauka gidan Kawu a Nima, sai yara suka tasa ni gaba wai sai sun ga teku. Kawu ya ce, "Teku? Ga ta nan Labadi, ko a motar haya ta trotro ma kwa je ku dawo kafin azahar." Na ce a'a, Kawu, ba wannan ba. Ni so nake mu bi hanyar yamma, mu yi ta tafiya teku na hannun hagunmu, har mu je Busua mu ga faɗuwar rana.

Daren nan ban kwanta da wuri ba. Taswirar waya ta ce daga Akra zuwa Cape Coast kilomita 145 ne ko kusa da haka, tafiyar awa uku. Na ƙara minti goma sha biyar na ko-ta-kwana, don ni ba mutum ba ne mai rowa. Tashi 5:30, bayan asuba. Cape Coast 8:45. Gidan tarihin bayi minti arba'in. Dajin Kakum 10:30. Elmina da rana, mu ga masunta suna sauke kifi, mu haɗa azahar da la'asar a can tunda matafiya ne, shari'a ma ta rage mana. Takoradi 3:30. Busua 5:30, domin a wannan yanki rana ba ta da wasa, rani da damina wajen ƙarfe shida take faɗuwa. Har fitsari na sa masa wuri: mararrabar Winneba, minti biyar, na mutum bakwai. Na ja layi da rula, na kwafe a takarda biyu, na ba ɗan Kawu ɗaya tunda shi zai ja motar. Taubashina ne, don haka ya duba, ya juya ta baya ya sake dubawa, ya ce, "Malam, ina wajen sa hannun shugaban makaranta?"

Agogon hannuna na cika huɗu da rabi na fara buga ƙofofi. Kawu ya fito da jallabiya a baibai, ido ɗaya a rufe.

"Lafiya? Gobara ce?"

"Kawu, huɗu da rabi ta yi."

Ya ɗaga kai ya kalli agogon bango ya daɗe. "A Kano," ya ce. "Nan uku da rabi."

Gana tana bayan Najeriya da awa ɗaya. Agogona bai yi ƙarya ba, ƙasar ce ba ta iso ba. Kowa ya koma ya kwanta, kuma barcin da aka katse aka koma, kun san yadda yake da nauyi. Aka yi asuba da kyar, aka sake komawa. Ni kaɗai na zauna a tsakar gida da takalmi a ƙafa, ina kallon gari yana wayewa a kan jadawalina.

Ƙarfe bakwai Hajiya, matar Kawu, ta ce ba a taɓa fita daga gidanta da yunwa ba, kuma ba a kanmu za a fara ba. Aka aika a sayo koko da ƙosai. Aka zuba wakye, wato shinkafa da wake, a kula, da yajin shito, da dafaffen ƙwai. Kafin a gama, labari ya zaga layi cewa motar Alhaji za ta yamma. Wanda bai taɓa zama a zango ba ba zai gane wannan ba. Wannan ta kawo ƙullin atamfa a miƙa wa ƙanwarta a Mankessim, wancan ya kawo ambulan, wani ya kawo fanka. Ƙarshe sai ga wata tsohuwa maƙwabciya da kowa ke ce wa Iya, da jakarta da butarta, wai a rage mata hanya zuwa Kasoa wajen 'yarta. "Ai kan hanya ne," in ji Kawu. Na duba takarda, babu Iya a ciki. Uwargida ta ɗan taka mini ƙafa, na matsa na ba Iya wuri.

Mun tashi takwas da kwata. A lissafina saura rabin awa mu shiga Cape Coast.

Lapaz ta riƙe mu, mararrabar Mallam ta karɓa, Weija ta ɗora. Motoci sun jeru suna rarrafe kamar masu kai amarya, ga 'yan talla suna ratsawa da ruwan leda da soyayyar ayaba da cajar waya da tawul. Wani yaro mai sayar da tabarau ya wuce mu a ƙafa, ya je ya dawo, ya sake wuce mu, har muka fara gaisawa. Na yi tsaki. Kawu ya ce, "Ɗana, sannu ba ta hana zuwa." Na ce, "Kawu, ƙarasa maganar mana." Bai ƙarasa ba. Taubashina ne ya ƙarasa masa yana dariya: sai dai a daɗe ba a je ba.

A Kasoa muka bar babban titi muka shiga lungu neman gidan 'yar Iya. Ta ce a yi dama wajen mai gasa masara. Babu mai gasa masara. Ta ce to ya tashi ke nan, a yi hagu. Bayan mun ga masallaci ɗaya ta fuska uku, sai Iya ta tafa hannu ta ce, "Af! Yau Talata ko? Ai ba ta gida, ta tafi saro kaya. Ku mu je kawai, kwa sauke ni a dawowa." Ta gyara zama, ta ɓare goro, ta miƙa wa Hajiya ɓari.

Tun daga nan autana ya fara tambayar da ta zame mini ƙaya. "Baba, ina tekun?" Na ce tana gaba. Muka wuce Buduburam. "Baba, ina tekun?" Ga abin da taswira ba ta faɗa da babbar murya: a waya, in ka ƙanƙance hoton, layin hanyar da shuɗin ruwa manne suke da juna. A ƙasa kuwa, babban titin nan da suke kira N1 ya ja jikinsa cikin tudu. Winneba tana bakin ruwa, amma titin bai shiga Winneba ba, mararrabarta kawai yake taɓawa. Haka Apam. Abin da ke hagunmu ciyawa ce, da gidajen mai, da allunan coci-coci masu hoton fasto da matarsa. Kuma duk garin da ka shiga sai ka tarar an jera tuddan rage gudu a titi, ga shingen 'yan sanda nan da can. Motar Kawu da mutum takwas da fanka ba ta hawa tudu sai an lallashe ta.

"Baba, ina tekun?"

"Babanku ya sa ta a jadawali," in ji taubashina, "ita ce ta makara."

Minti biyar ɗin fitsari na mararrabar Winneba ya zama arba'in, saboda Iya ta ce ita tunda an tsaya sai ta yi walaha. Wa zai ce wa tsohuwa kada ta yi walaha? A Mankessim mai atamfa ba ta ɗaga waya ba sai da muka zaga shataletalen kasuwa har masu sayar da abarba suka fara ɗago mana hannu.

Sai bayan Saltpond, wajen Anomabo da Biriwa, hanya ta yi kwana, bishiyoyin kwakwa suka buɗe, sai ga ta. Shuɗiya, ba iyaka, tana tafasa fari a bakin duwatsu. Na juya da murna in ce ga abin da na yi muku alkawari. Yaran duka sun yi barci, baki buɗe. Na tashe su, kuma da suka gani sai suka ce sai an tsaya. Babu Biriwa a takarda. Aka tsaya. Aka sari kwakwa, kowa ya sha ya kankare. Yara suka shiga ruwa da kayansu. Iya ta tuɓe silifa, ta tattare zani, ta cika gorar roba da ruwan teku wai maganin ciwon gwiwa ne. Ni ina tsaye a bakin mota ina soke layuka da biro, igiyar ruwa ɗaya ta zo har inda nake ta cika mini takalmi da yashi ta koma.

Yamoransa ba nisa daga nan, inda hanyar Kumasi ta rabu. Garin dokunun Fante ne, wato dafaffen ƙullun masara, an jera shi tuli-tuli a kan tebura gefen titi, a naɗe cikin busasshen ganyen ayaba. Mota na rage gudu mata suka yo kanmu a guje. Hajiya ta ce za ta sayi kaɗan na tsaraba. Ciniki da Fantanci, ita ba ta gajiya, su ba su gajiya. Kaɗan ɗin nan a kan cinyata ya ƙarasa tafiyar.

Mun shiga Cape Coast ana kiran azahar. Na tunatar da Kawu maganar haɗa salla a Elmina. Ya ce shi ba zai wuce unguwar Kotokuraba bai gaisa da amininsa ba, tare suka yi fataucin goro tun ba a haife ni ba. Gaisuwa ta kai ga iyali, ta kai ga waɗanda suka rasu, aka yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, sannan aka shigo da tuwo. Na ce a ƙoshe muke, ga wakye ma ba mu taɓa ba. Mai gidan ya kalle ni, ya kalli Kawu, ya ce, "Wannan ne ɗan Kanon?" Na wanke hannu.

Gidan tarihin kuwa, minti arba'in da na ba shi ban ko tuna da su ba. Turawan Sweden ne suka fara ginin a 1653, Ingilishi suka karɓe a 1664. Mai zagayawa da mu ya gangara da mu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake tsare maza kafin jirgi ya zo, ya kashe fitila na ɗan lokaci. Haske sai ta wata 'yar kafa can sama. Ya ce mana a saman wannan ɗaki coci yake. Ya kai mu ƙofar da in an fita ba a dawowa, wadda take buɗewa ga teku. Akwai allon tunawa da zuwan Obama da matarsa a 2009. Iya, wadda bakinta bai huta ba tun Nima, ba ta ce uffan ba har muka fito, sai salati a hankali.

A mota na sanar cewa saboda ƙurewar lokaci an soke Kakum. Yara suka yi ta ƙorafi. Gadoji bakwai ne na igiya da katako, an rataye su a kan bishiyoyi, mita talatin ko fiye daga ƙasa, suna lilo in ka taka. Uwargida ta ce, "Baban yara, tun jiya da ka ga hoton wurin nake ganin kana neman dalili." Wannan ƙazafi ne, kuma ban tanka ba.

Tsakanin Cape Coast da Elmina, nan ne hanyar da na yi mafarki take: kwakwa a jere, yashi, teku a hagu har kana jin ƙamshin gishiri. Tafiyar minti ashirin ce.

Elmina ta tarbe mu da farin gininta da Turawan Fotugal suka kafa a 1482, wanda 'yan Holan suka ƙwace a 1637, inda Ingilishi suka taɓa tsare Sarkin Asante, Prempeh, kafin su kai shi gudun hijira. Na ce kowa ya fito, yanzu za ku ga kifi. Muka hau gadar da ke kan bakin tafkin Benya. Kwalekwale ɗari-ɗari, masu fenti da tutoci kala-kala, duk a ɗaure. Maza na zaune a inuwa suna ɗinkin taru, wasu na buga dara. Na tambayi wani yaushe jiragen za su shigo. Ya dube ni da tausayi. Masunta ba sa fita teku ranar Talata, al'ada ce tun kaka da kakanni.

"Ai tun Kasoa na faɗa maka yau Talata," in ji Iya.

Biyar ta wuce. Na lissafa: Busua kusan kilomita ɗari, in aka taka mota, aka daina tsayawa, aka daina gaisuwa, za mu iya riskar jan gari ko da rana ta faɗi. Kawu ya ce motarsa ba ta tafiyar dare, fitilarta ɗaya ma sai an mare ta take kamawa. Na nemi a kaɗa ƙuri'a. Har autana bai ɗaga mini hannu ba, yana fama da soyayyen kifin jiya da Hajiya ta samo a bakin gada. Rana ta faɗi a bayan wata motar kaya da ta toshe mu a layin masauki, taubashina yana tafe da baya yana faɗa da direbanta.

Bayan isha muna zaune a barandar masauki ana cin wakyen safe da dokunu, Iya ta shafa ruwan tekunta a gwiwa, ta ce wallahi har ta fara jin sauƙi. Sannan ta juyo gare ni.

"Malam, gobe ƙarfe nawa ka rubuta mana? Don ina da wata jika a Takoradi, kan hanya ne."